Mai Tsaron Baburan Baƙi

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon ƙwallo a filin kwalejin nan da ke bakin garin Kaura Namoda ya san Shu'aibu, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon da ke tsaye a ƙofar fili da igiya a kafaɗa, yana tsaron babura. Ya haura shekara shida a bakin wannan aiki, kuma a cikinsu bai zauna ya kalli wasa ko sau ɗaya ba. Kullum bayansa yake bai wa katanga. In an jefa ƙwallo a raga da kunne yake ganewa: ihu daga gabas 'yan gida ne suka ci, daga yamma kuwa baƙi ne. Har yau bai gane abin da ke sa ƙato mai 'ya'ya biyar ya cire hula ya yi jifa da ita don wani ya harbi fata ba, amma ba ya faɗin haka a gaban mutane.

Asalinsa mutumin Badarawa ne, a ƙasar Shinkafi. Can ya tashi, can ya yi aure, kuma ban da noman gero da dawa bai san wata sana'a ba. Da 'yan bindiga suka fara matsa wa ƙauyuka, ya daure shekara biyu yana noma kusa da gida, ya bar gonar nesa ciyawa ta cinye ta. Abin da ya tashe shi rasuwar ƙanensa ce, Auwalu. Wata ranar kasuwar Shinkafi Auwalu ya tsaya jiran abokin tafiya, ba su kama hanya ba sai da rana ta yi ja, aka tare su. Tun daga ranar Shu'aibu ya zama mutum mai yawan ɗaga kai ya dubi rana. Bayan sadakar arba'in ya kwashi matarsa Zulaihat da 'ya'yansu da marayun ƙanensa, suka sauka Kaura da tabarmi da tukwane.

Wanda ya karɓe su Alhaji Zaharaddeen ne, ɗan kasuwar hatsi da ya daɗe yana sayen geron Shu'aibu in kaka ta yi. Ya buɗe musu ɗaki biyu a bayan sitonsa, ya ce su zauna har Allah ya kawo sauƙi. Shi ne kuma ya yi magana da kwamitin wasanni, don yana cikin masu ɗaukar nauyin ƙungiyar gari, aka ba Shu'aibu tsaron babura ranakun Asabar. Sauran kwanaki yana ɗinkin buhu a siton. Alheri ne na tsakani da Allah, ba wanda ya taɓa jin Alhaji ya yi masa gori, shi kuwa Shu'aibu ba ya gaishe shi sai ya rusuna.

Gaban filin akwai wani ɗan sarari tsakanin katanga da titi, da itatuwan dogonyaro uku. Duk kewayen babu wata inuwa sai ita. Tsakanin sararin da titi akwai lambatu mai zurfi da ruwan damina ya ƙara yashewa, kuma mashiga ɗaya ce tak: wani kwalbati da faɗinsa bai wuce na mota ɗaya ba. Katangar wajen gajera ce, wanda ya hau bayan mota zai ga wasa tas ba tare da ya shiga cunkoso ba. Saboda haka kowa idonsa na kan wurin. Masu motoci suna so su shigar da su inuwa, su buɗe but, su shimfiɗa darduma, a fito da kulolin abinci da fulas na shayi, a yi majalisa ana kallo. Nasidi mai tsire, wanda ke hura wutarsa can tsallaken titi cikin rana, ya fi shekara uku yana cewa wannan inuwa ta masu sana'a ce.

Shu'aibu kuwa sai ya ja igiyarsa a bakin kwalbatin, ya ce wurin na baƙi ne. Ba ya tambayar mutum sunansa, ba ya duban rigarsa. Tambayarsa ɗaya ce: "Daga ina?" Wanda ya ce Galadi, babur ɗinsa ne daf da mafita, don su suka fi kowa nisa. Sai 'yan Shinkafi, sai Badarawa, sai Zurmi a layin baya. Kowane babur kansa na kallon titi, ba ya yarda a jingina wani a kan wani. Dalilinsa a fili yake. An riga an dawo da wasa bayan azahar saboda mutanen nesa. Ana hura usur na ƙarshe za su yi la'asar, su hau, su fita a jere cikin ayari ɗaya, su ci rabin hanya kafin rana ta karkata. A wannan hanya tamu, wanda magariba ta riska a daji ya san abin da yake tsoro. Aikin Shu'aibu ke nan gaba ɗaya: ya ga baƙi sun fita da haske.

'Yan gari ba su taɓa jin daɗin tsarin ba, kuma ba su ɓoye ba. Mutum ya zo da sabon babur, a ce ya kai shi bayan katanga inda sirdi ke zafi har ba ya zaunuwa. Sau biyu ana kai ƙararsa wurin kwamiti. Wani ɗalibi ya taɓa ce masa ɗan leƙen asirin Shinkafi. Nasidi kuwa kowace Asabar da irin tasa mitar.

"Malam Shu'aibu, mu da garinmu muna gasuwa, baƙi na shan iska? Wanga wane irin adalci na?"

"Kai in anka tashi, ko da rarrahe ka isa gida," in ji Shu'aibu. "Su ko da rana suka tsere. Yi haƙuri dai."

Iyakar maganarsa ke nan, kuma da yake ba ya ɗaga murya, masu neman faɗa kan gaji su tafi.

Cikin baƙin akwai wanda ya shiga ransa, Rufa'i, ɗan kabu-kabu daga Galadi. Shi ke gaban ayari in za su zo, shi ke gaba in za su koma. Mutum ne mai surutu da dariya, tun daga nesa za ka ji hon ɗinsa. Da yake aikinsa na kai shi ƙauyukan Shinkafi, ba ya zuwa hannu sake: sai da labarin Badarawa. Wane ya aurar da ɗiya, rufin ɗakin wane ya rufta, tsamiyar ƙofar masallaci ta yi 'ya'ya bana. Baba yake kiran Shu'aibu. Yakan tsokane shi ya ce, "Baba, yau dai ka shigo ka ga yadda muka cin mutanen gidanka." Shu'aibu ya ce, "Ku ci su da wuri, ka ji ko." Wannan 'yar hirar ta minti uku ita ce rabonsa da gida a kowane wata.

Ranar da abin ya faru wasan ƙarshe ne na cin kofi, Kaura da Shinkafi, a tsakiyar bazara, zafi har ƙasa na turiri. Tun kafin azahar baƙi suka cika ƙarƙashin dogonyaro, babura sun kai sittin, kowanne a layinsa. Shu'aibu ya ja igiya ya ɗaure.

Sai ga motar Alhaji Zaharaddeen ta tsaya a bakin kwalbati. Alhaji bai taɓa neman wurin ba, kullum a rumfar manya yake zama cikin fili. Amma ranar yana da baƙi daga Gusau, ga kuma ciwon gwiwa da ya sa shi dogara sanda. Ya sauke gilashi, ya miƙo hannu, ya yi gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi jikin Zulaihat da ta yi zazzaɓi, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Malam Shu'aibu, a ɗan sassauta muna igiya. Ƙahwar ga ba ta kai ni ciki. Mu raɓa gehe guda, ba mu tare ma kowa hanya."

Shu'aibu ya san amsar da ya saba bayarwa. Tana nan a bakinsa. Ya faɗa wa malamai, ya faɗa wa kansila, har ɗan sanda ya taɓa mayarwa baya. Amma ya dubi baƙin Alhaji da ke cikin mota suna kallonsa, ya tuna a ƙarƙashin rufin wa 'ya'yansa suka kwana jiya. Yaya za a yi mutum ya ce a'a ga wanda ya rufa masa asiri, kuma a gaban baƙinsa? Ya sunkuyar da kai, ya kwance igiyar.

Yana can yana yi wa direba nuni kada ya taɓa babura, motar baƙin Alhaji ta biyu ta biyo baya. Bayanta wata a-kori-kura cike da magoya bayan Kaura, waɗanda suka ga ƙofa a buɗe. Nasidi ya kinkimo teburinsa ya tsallako, yana cewa yau dai Allah ya yi. Kafin Shu'aibu ya dawo bakin kwalbati, wata ƙaramar mota ta hau kansa ta tsaya cak, don gaba ya cika. Daidai lokacin aka hura usur na fara wasa. Mai motar ya kulle ta ya ruga cikin fili, ba wanda ya kula da fuskarsa.

Cikin minti kaɗan wurin ya zama majalisa. An shimfiɗa dardumai, an zuba shayi, hayaƙin tsire ya tashi. Alhaji har ya aiko wa Shu'aibu da nama a takarda. Bai iya ci ba. Ya zagaya ƙaramar motar ya ja kowace ƙofa, ya leƙa ta gilashi, ya ɗaga kai ya dubi rana.

A ranar ya fara shiga filin. Ya bi layin 'yan kallo yana tambaya, "Wa ad da jar mota bisa kwalbati?" Wa zai saurare shi? Mutum na kallon ƙwallo ko gidansa ka ce ya kama da wuta sai ya ce bari a buga kwana. Ya je wurin mai lasifika, aka karanta lambar motar sau biyu, ihu ya haɗiye ta. Ya koma waje ya gaya wa Alhaji. Alhaji ya ce kada ya damu, ana tashi mai ita zai fito.

Ba a tashi da wuri ba. Aka yi canjaras, aka ƙara lokaci, aka tafi bugun fenareti. Biyar ta gota kafin ihu ya tashi daga yamma: Shinkafi ta ɗauki kofi. Baƙi suka fito suna tsalle, suka yi la'asar a gurguje, suka nufi baburansu, sai suka tarar da mota huɗu tsakaninsu da titi. Murna ta koma ciki.

Aka gwada ɗaga jar motar da hannu, amma kwalbatin ba shi da gefen da mutane za su tsaya, rami ne dama da hagu. Aka ture tsiren Nasidi gefe, aka ɗora katakon teburinsa a kan lambatu, aka fara tsallakar da babura ɗaya-ɗaya, mutum huɗu na riƙe da kowanne. Shu'aibu na cikin ramin har gwiwa yana tallafe katako da kafaɗa. Na goma sha biyu na kai katakon ya karye. Sai wajen shida saura mai motar ya ɓullo daga wata ƙofa, yana sakin hamma, ashe takaicin an ci Kaura ne ya zaunar da shi a ciki. Samarin Shinkafi suka yi kansa, 'yan gari suka tare, aka shiga zage-zage da ture-ture. Wannan rigima ma ta ci nata lokacin. Da hanya ta buɗe, rana ta riga ta zauna a kan itatuwa.

Mutumin da ya yi shekara shida yana korar baƙi su kama hanya, ranar shi ne ya tsaya a tsakiyar titi ya buɗe hannuwa.

"Ba mai tahiya! Don girman Allah ku kwana. Da sahe ku tahi."

Alhaji Zaharaddeen ya dogaro sandarsa ya zo ya tsaya kusa da shi, fuskarsa duk ta canza. Ya ce sitonsa da zaurensa a buɗe suke, abinci kuma a wuyansa. Yawancin baƙi suka dubi sama, suka kashe babura. Mutum tara ne suka ƙi, Rufa'i a gabansu.

"Baba, matata Anisa wata tara ta cika, yau ko gobe," ya ce. "Unguwarmu duk mashin ɗina ɗai na. In abin ya tashi, wa ka kai ta asibiti? In munka taka wuta, mu shiga Shinkafi da sauran haske."

"Ba ku shiga. Na san hanyag ga, Rufa'i. Ba ku shiga."

Ya kama kan babur ɗin da hannu biyu. Rufa'i bai fizge ba. A hankali ya ɗaga yatsun dattijon ɗaya bayan ɗaya, yana murmushi, ya ce, "Yi muna addu'a dai, Baba." Suka tafi. Shu'aibu ya tsaya a titi har ƙarar ta ɓace, sannan aka kira magariba.

Labari ya iso bayan sallar asuba, ta wayar ɗaya daga cikin waɗanda suka kwana a sito. An tare su a wata kwana cikin daji. Biyar sun watsar da babura sun tsira da ƙafa. An tafi da uku. Rufa'i da ke gaba shi aka fara harbi, kuma bai kai safiya ba.

Shu'aibu yana zaune a ƙofar ɗakinsa Alhaji ya zo. Duk da ciwon gwiwar, sai da ya durƙusa har ƙasa, hawaye na bin gemunsa.

"Malam Shu'aibu, ni na jawo wanga abu. Ni nar roƙe ka."

"Roƙo kay yi, Alhaji," in ji Shu'aibu. "Igiya hannuna take."

Mutane sun yi ta ba shi baki. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, kuma Shu'aibu ya yi imani da haka, bai yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma imani bai hana shi sanin abin da hannunsa ya yi ba. Zulaihat ta ce masa ko waye a matsayinsa haka zai yi, wa zai iya kallon idon Alhaji ya hana shi? Ya ce ai shi ya sa aka ba mutum ɗaya igiya, don a samu wanda zai iya. Abin tausayi ne ƙwarai, don babu mugu ko ɗaya a cikin waɗanda suka tsaya a ƙofar filin nan ranar. Kunya ce kawai, irin wadda aka yi mana tarbiyya da ita, muke yabon mai ita.

Ranar uku ya bi ayarin safe zuwa Galadi ta'aziyya. Rabonsa da wannan hanya tun fitowarsa. Da suka wuce mararrabar da ke shiga wajen garinsu bai juya ya duba ba. A ƙofar gidan ya tarar da mahaifin Rufa'i, tsoho mai raunin gani, zaune a tabarma. Aka yi addu'a aka shafa. Aka ce Anisa ta sauka jiya, an samu ɗiya mace, a amalanken shanu aka kai ta wurin ungozoma. Tsohon ya tambayi baƙon daga ina. Shu'aibu ya ce shi ne mai tsaron babura a filin Kaura.

Tsohon ya lalubo hannunsa ya riƙe gam. "Kai na Baban da shika hwaɗi? Kullum shina cewa akwai wani bawan Allah can da ka sa su gaba don su iso gida da wuri. Allah shi saka maka da alheri."

Shu'aibu ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, mutanen da ke zaune suka amsa da amin, maganar ta maƙale. Ya dawo Kaura da ita a ƙirjinsa, kuma bai sauke ta ba har yau.

Bayan wannan ba a sake rigimar wurin ajiye babura ba. Kwamiti ya sa aka rubuta da fenti a katanga cewa wurin na baƙi ne. Masu motoci suka koma tsallaken titi da dardumansu. Alhaji Zaharaddeen ya daina zuwa kallo sam. Nasidi ya yi sabon tebur, ya koma cikin ranarsa, bai ƙara ambaton inuwa ba. Abin da Shu'aibu ya yi shekara shida yana faɗa a kansa, an bar masa shi ba gardama.

Sai dai baƙin ba su dawo ba. Ƙungiyar Shinkafi in za ta zo, 'yan wasa ne kaɗai cikin mota ɗaya, su buga su juya. Mutanen Galadi da Badarawa ba a sake ganin ko ɗaya ba. 'Yan Zurmi sun ɗan ci gaba da zuwa, biyar, uku, daga baya su ma suka ɗauke ƙafa. Duk da haka kowace Asabar Shu'aibu kan zo tun hantsi, ya share ganyen da ya zuba, ya tsaya a bakin kwalbati.

Wata Asabar a bana, wani malamin kwaleji da aka yi wa canjin aiki zuwa Kaura kwanan nan ya zo a babur, gumi ya jiƙa masa riga. Ya dubi inuwar nan shararra ba kowa, ya dubi inda babura suka cunkushe cikin rana. Ya yi sallama cikin ladabi.

"Baba, in ɗan sa nawa a nan mana, tunda wurin babu kowa."

"Daga ina?"

"Nan cikin gari nake, bayan tasha."

Shu'aibu ya nuna masa bayan katanga. Malamin ya yi dariyar mamaki, ya ce ai har an kusa hutun rabin lokaci, wa kuma zai zo yanzu? Shu'aibu ya dubi titin da ya miƙe arewa, ya daɗe yana dubansa.

"Yi haƙuri, Malam," ya ce. "Wurin ga da masu shi."